Yadda Ake Fara Magana da Swahili: Gaisuwa, Lokaci da Ciniki

Yawancin masu fara koyon Swahili suna haddace jerin kalmomi da ma'anarsu da Turanci, sai ranar da suka sauka Dar es Salaam ko Mombasa su ga ba su iya amsa gaisuwa ba. Ajiye wannan jerin tukuna.

Fara da gaisuwa, kuma ka haddace kowace tare da amsarta. Idan aka ce maka "Hujambo?", amsar ita ce "Sijambo", idan kuna da yawa za a ce "Hamjambo?", ku amsa da "Hatujambo". Kalmar "Jambo" ita kaɗai, wadda ke saman kowane jeri, ta masu yawon buɗe ido ce, kada ka dogara da ita. "Habari" ita ce labari a wajenmu, don haka "Habari za asubuhi?" tambayar kwana ce, amsarta "Nzuri" ko "Salama". Wanda ya girme ka kuwa "Shikamoo" ake ce masa, shi kuma ya ce "Marahaba". A nan Bahaushe ke tuntuɓe, domin kunnensa maraba yake ji, sai ya tari baƙo da ita, alhali baƙo "Karibu" ake ce masa, musamman idan ya yi sallama da "Hodi" a bakin ƙofa.

Mataki na biyu shi ne lokaci, kuma shi ya fi ba ni wahala. Masu magana da Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, saboda haka "saa moja asubuhi", wato sa'a ta ɗaya da safe, ƙarfe 7 ne, "saa sita mchana" kuwa 12 na rana. Na taɓa yin alkawari da wani mai shago a kan "saa nne", na je ƙarfe 4 na yamma cike da jin na cika alkawari, ashe tun ƙarfe 10 na safe ya jira ni har ya gaji. Ka ƙara shida ko ka rage shida a kan duk adadin da ka ji, sannan kada ka rabu da mutum sai ya faɗa maka ko "asubuhi" ne, ko "jioni" da yamma, ko "usiku" da dare. Dubarar da ba ta cin ko kwabo ita ce, idan agogonka mai hannu ne, ka karanta lambar da ke daura da inda gajeren hannu ya tsaya.

Ciniki ba shi da wuya. Ka ce "Bei gani?" don jin kuɗin kaya, "Ghali sana" idan ya yi tsada, "Punguza" don neman ragi. Manyan lambobi daga Larabci muka aro su mu da su: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Ka rufe da "Asante sana" don godiya, da "Kwa heri" wajen rabuwa.