Tukunyar kashe gobara a mota: wacce za ka saya, ina za ka ajiye ta, yaya za ka yi aiki da ita

Sana'ata gyaran wayar mota ce, wato rewaya, kuma a Kano nake aiki. Motar da ta kama da wuta, in akwai abin da ya saura a jikinta, wurinmu ake jawo ta. Na ga wadda wuta ta lashi 'yan wayoyi a ƙarƙashin bonet muka gyara a wuni guda, na kuma ga wadda ba abin da ya rage sai ƙarfe, sai dai a kira 'yan gwangwan su yi mata kuɗi. Yawanci abin da ya raba su minti ɗaya ne ko biyu na farko, da kuma ko direba yana da tukunyar kashe gobara mai aiki a inda hannunsa zai kai.

Direbobinmu da yawa suna da tukunyar, amma don 'yan rod-sefti suka saya. Hukumarsu, wato Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa rashinta cikin laifukan da ake cin tara a kansu, kuma ni ina bayan wannan doka. Abin da ke damuna shi ne, wanda ya saya don ya nuna wa jami'i mafi araha zai nema, ya jefa ta can ƙasan but tare da safaya da jak, ba zai sake tuna ta ba sai an tare shi a hanya. Irin wannan tukunya takan fid da mutum daga tara, amma ranar da ake bukatarta da wuya ta yi amfani.

Wadda za ka saya ita ce mai hoda, da aka rubuta ABC a jikinta. A na nufin abubuwa irin su kushin, roba, katako da takarda. B na nufin mai: fetur, man gas, baƙin mai. C kuma iskar gas. Hodar ba ta ɗaukar lantarki, don haka ana fesa ta a kan waya da batir ba fargaba. Kusan duk abin da ke ci da wuta a mota yana cikin waɗannan. Akwai wata mai baki kamar ƙaho, ba ta da agogon da ke nuna ƙarfin iskar ciki, iska ce mai sanyi a cikinta. Tana da kyau a ofis da ɗakin kwamfuta don ba ta barin datti, amma a bakin titi iska na kwashe ta kafin ta gama aiki, wuta ta dawo. Su kuwa ƙananan gwangwanayen nan masu kama da maganin sauro da ake tallansu a gosulo, ban yarda mutum ya dogara da su ba. Na sha ganin an matsa ba abin da ya fito sai ɗan kumfa.

Ƙa'idar hukuma ita ce ƙaramar mota ta ɗauki mai kilo 1, bas da a-kori-kura mai kilo 2, tirela da tanka kuma guda biyu masu kilo 9. Shawarata ga mai ƙaramar mota ita ce ya daure ya sayi mai kilo 2. Mutane ba su san cewa mai kilo 1 ba ta cika wuce daƙiƙa 10 tana feshi ba. Wanda bai taɓa riƙe ta ba, hannunsa na rawa, rabin wannan lokaci a sama zai watsar da shi. Mai kilo 2 tana ba ka damar yin kuskure ka gyara.

A wurin saye ka duba agogon da ke wuyanta, allurar ta tsaya a kan kore. Ka duba fil ɗin da ke riƙe da hannun matsawa yana nan da ɗaurinsa na roba ba a tsinka ba. Ka karanta ranar da aka yi ta da ranar da za a sake duba ta, ka ɗaga ka ji nauyi, ka juya gindinta ko akwai tsatsa. Ka saya a shagon masu sayar da kayan kashe gobara waɗanda kuma suke cikawa, don nan za ka dawo da ita.

Maganar wurin ajiya ita ce na fi so a ji ni da kyau. But ba wurinta ba ne. A motocin yanzu da yawa but da maɓallin lantarki yake buɗewa, kuma idan wayar mota ce ta kama, abin da zai fara mutuwa ke nan. Ka tsaya kana danna rimot, tukunya na ciki, wuta na ci a gaba. Ko da ya buɗe, ranar da kake tafiya da iyali akwai buhu da akwati a kanta. Wurin da ya dace shi ne gaban kujerar mai zaman banza, daga ƙasa, inda direba zai sunkuya ya zaro ba tare da ya sauka ba. Tukunya mai kyau tana zuwa da ƙarfen maƙalawa. Ka ba makaniki ya ɗaure shi da noti a jikin ƙafar kujera. Kada ka bar ta sake tana gangarawa, domin tana iya shiga ƙarƙashin birki, kuma in aka yi karo ƙarfe mai nauyin kilo uku da ya tashi cikin mota yana iya fasa kan yaro. Kada ka ɗora ta a dashbod ko bayan gilashin baya. A zafin Maris da Afrilu, motar da aka rufe a rana takan yi zafin da ya wuce abin da aka ƙera tukunyar ta jure, musamman a waɗannan wurare biyu.

Wuta ba ta cika zuwa ba sanarwa. Ƙaurin roba, warin fetur a cikin mota, fis da yake ta ƙonewa kana canzawa, fitilun dashbod suna kawowa suna ɗaukewa, duk gargaɗi ne. Da ka ji ɗaya daga ciki, ko ka ga hayaƙi, ka sauka gefen titi nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Ka guji tsayawa a gidan mai, ko cikin kasuwa, ko kan busasshiyar ciyawa, wadda a lokacin hunturu zafin salansa kaɗai ya isa ya kunna ta.

Ka kashe injin ka zare makulli, domin muddin injin na aiki famfon mai yana ci gaba da tura fetur zuwa inda wutar take. Ka ja hambirki. Ka buɗe ƙofofi duka tun lantarkin bai ɗauke ba, ka fitar da kowa, yara da tsofaffi tukuna, su yi nesa sosai, su bar kan kwalta, su tsaya ta inda iska ba ta kai musu hayaƙi. Ba mai komawa ɗauko jaka ko waya. Sai mutane sun fita ake maganar mota.

Idan hayaƙin daga gaba yake, nan ne aka fi yin ɓarna. Abin da kowa ke yi shi ne ya ruga ya ɗaga bonet ya ga me ke faruwa. Wutar da ke ƙarƙashin rufaffen bonet iska take nema, kana ɗagawa ka ba ta, sai ta tashi ta doki fuskarka. Ka ja abin buɗe bonet na cikin mota kawai, ya ɗan ɗago kamar faɗin yatsu biyu ko uku, ka bar shi a haka. Ta wannan 'yar kafa za ka fesa, ko ta ragar gaba, ko ta ƙasa in daga can harshen wutar yake fitowa.

Aiki da tukunyar ba wuya. Ka tsaya iska tana bayanka. Ka fizge fil, ɗaurin robar zai tsinke da kansa, amma kada ka matse hannun yayin da kake ja, domin in ka matse fil ɗin ba zai fita ba. Ka riƙe ta a tsaye, kada ka kwantar da ita. Idan wutar a fili take, ka fara daga nisan kamar taku biyu ko uku, ka saita bakin a gindin wutar, wato kan abin da ke ci, ba harshen da ke sama ba. Ka matsa, kana kai hannu dama da hagu, kana matsowa a hankali yayin da take ja da baya. In ta mutu ka saki, ka rage saura, domin ƙarfe mai zafi yana sake kunna fetur. Ka tsaya kana kallo, kada ka juya mata baya.

Bayan harshen ya mutu hayaƙi ya ragu, sai ka sa tsumma ka ɗaga bonet a hankali, fuskarka a gefe, ka cire kan batir, na baƙar waya. Wannan bangaren sana'ata ne: wutar da waya ta haddasa ba ta mutu ba muddin batir na haɗe, ko ka juye mata tukunya uku. Wayar za ta ci gaba da yin ja tana narka robarta. Shi ya sa nake ce wa duk mai kawo min mota ya ajiye sifana lamba 10 a aljihun ƙofar direba, don ita ce ke kwance kan batir a yawancin ƙananan motoci.

Jama'a za su taru, Allah ya saka musu da alheri, kowa da bokitinsa. Ka hana a watsa ruwa a kan fetur mai ci, domin fetur yana hawa kan ruwa ne ya bi shi duk inda ya gangara, har ƙarƙashin motar da ke kusa. Ruwan omo da ake yawan kawowa ya ɗan fi ruwa zalla saboda kumfa, amma bai kai hoda ba. Ruwa yana da amfani a kan kushin ko taya bayan harshen ya mutu, don ya sanyaya su. Yashi da ƙasa suna aiki sosai a kan man da ya zuba a ƙasa. In wuta ta kama rigar mutum, kada a bar shi ya gudu, a kwantar da shi ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko tabarmar salla mai kauri.

Akwai lokacin da za ka bar motar. Idan wutar ta baya take kusa da tankin mai, ko ta cika cikin mota, ko tayoyi sun kama, ko tukunya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ka ja da baya ka kori mutane. Haka in akwai jarkar fetur a but, ko motar tana cikin waɗanda aka mayar masu amfani da iskar gas, da suka yawaita tun bayan cire tallafin mai a 2023. Hayaƙin kushin da roba guba ne, taya kuma tana fashewa. Ka kira 'yan kwana-kwana ta 112, ko 'yan rod-sefti ta 122, ka faɗa musu in akwai tukunyar gas a motar. Wutar tankar mai kuwa ba a ma kusantarta. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu bayan tanka ta faɗi, Allah ya jiƙansu, ya isa ya sa duk wanda ya ga mai na malala a titi ya yi nesa ya kuma janye na kusa da shi.

Motar da aka kashe wa wuta kada a tayar da ita, a jawo ta gareji. A kakkaɓe hodar a wanke da wuri, don in ta sha danshi tana cin waya da ƙarfe. Tukunyar kuma, ko sau ɗaya ka ɗan matsa ta, ka kai a sake cikawa. Hoda na maƙalewa a bakinta, iskar ciki ta riƙa zurarewa, bayan 'yan kwanaki ka tarar allura ta faɗi.

Kulawa da ita aikin minti biyu ne a wata. Girgizar hanyoyinmu tana danƙare hodar a gindi, ta zama kamar simintin da ya sha raɓa, agogo na kan kore amma in an matsa iska ce kawai za ta fito. Ka ciro ta, ka kifa ta, ka ɗan bubbuga gindin da tafin hannu, ka kara a kunne ka ji hodar na zubowa. Ka duba allura da fil, ka leƙa bakin ko zanzaro ya yi gida. Sau ɗaya a shekara ka kai wa masu cikawa su duba.

Mafi yawan motocin da aka jawo min, ba tsufa ne ya ƙone su ba, aikin hannu ne. Fis ya ƙone, an naɗa masa waya an mayar, alhali an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. An ƙara fitilu ko manyan sifiku an ja waya kai tsaye daga batir ba fis. Tiyon fetur ya tsage an ɗaure da leda. In rewaya ya ce maka zai yi dabara a wurin fis, ka ce masa a'a, ka sayi sabo mai lamba daidai da wanda ya ƙone.

Ranar da za ka kai tukunyar a canza mata hoda, kada ka kai ta cike. Ka samu fili nesa da gidaje, ka kunna 'yar wuta da kwali a cikin tsohon kwano, ka tara duk mai tuƙa motar, uwargida da babban ɗanka da yaron mota in ta haya ce, kowa ya ga yadda ake fizge fil, ya riƙe ya matsa ya ji ƙarfin fitarta. Daga nan ka wuce da ita shagon masu cikawa a ranar, kada motar ta kwana ba tukunya.