Yadda Ake Tantance Aikin Kula da Muhalli da Al'umma Ke Jagoranta

Sababbin masu tantancewa da yawa, da zarar sun iso sai su zauna da shugaban kwamitin da ke kula da aikin, su rubuta yawan dashen da aka raba da tarukan da aka yi, su kama hanya. Abin da suka auna ke nan zufar mutane, ƙasar kuwa ko kallonta ba su yi ba.

Ka fara da gano yadda wurin yake kafin a soma aikin. In babu rubutaccen bayani, tsofaffin hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama, na manhajar Google Earth, kyauta ne, dattawa kuma za su nuna maka inda iyakar dajin take a da. Ka nemi wani fili makamancinsa wanda aikin bai taɓa ba, don kwatantawa. Shekarar da damina ta yi kyau ko'ina kore yake, kada ka yaba wa kwamiti a kan aikin ruwan sama.

Sai ƙidaya. Ni ba na lissafa bishiya sai rani ya wuce a kanta tana raye. Kai za ka zaɓi inda za a ƙirga, don in ka bari a kai ka, filin bakin hanya da aka fi ba ruwa za ka gani.

Mataki na uku, wato jin ta bakin jama'a, shi ne ya taɓa kayar da ni. Na tara jama'a a gaban shugabannin kwamiti, kowa ya ce madalla, na rubuta. Daga baya na ji cewa rufe dajin ya ƙara wa mata masu neman itace nisan tafiya, makiyaya kuwa ba a taɓa kiransu taro ba. Yanzu kowane rukuni daban nake ganawa da shi, ni kaɗai, ko da zai ci mini ƙarin kwana biyu da kuɗin mota. Tambayoyina: wa ya kafa dokar? Wa ke tsaro? Wa aka taɓa ci tara, kuma ɗan wane ne? Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa dukiyar haɗaka ta fi ɗorewa inda masu amfani da ita ke da hannu a dokokin, ana sa ido, hukunci kuma yana hawa daki-daki. Saboda haka in na ga littafin tara babu suna ko ɗaya, ƙara bincike nake yi.

Daga nan ka duba asusu, ka tambayi wanda zai biya masu tsaro in tallafi ya ƙare. Rahoton kuma ka karanta wa jama'a shi da harshensu, su gyara maka, kafin ka tura.