Yadda za ka binciki labarin Jihar Tsakiyar Yamma a yaƙin basasa, tun 'yan mazan jiya na raye

Kwanan baya wani ƙanena da ke karatun tarihi a Jami'ar Danfodiyo ya kawo min aikin da anka ba su kan yaƙin basasa in duba mishi, na karanta tun daga farko har ƙarshe babu komai sai Gowon da Ojukwu da Inugu. Na ce mishi to ina ka baro Binin, hedikwatar Jihar Tsakiyar Yamma? Ai nan na yaƙin ya juya, kuma nan na 'yan arewa da yawa sunka fara jin ƙarar bindiga. Shi ya sa na ce bari in rubuta hanyar da nika bi, ko wani shi amfana.

Ka fara da taswira kafin ka buɗe kowane littafi. Nemi ta jihohi 12 da Gowon ya ƙirƙira ran 27 ga Mayu 1967, lokacin mu nan Sakkwato muna hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, Usman Faruk na gwamna. Ka gangara kudu za ka ga Jihar Tsakiyar Yamma, wadda tsofaffi ke ce ma Midwes, ita ce ta koma Bendel a 1976, sannan a 1991 anka raba ta Edo da Delta. Ɗora yatsanka kan Onicha, ka ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Asaba, ka bi titi ta Agbor har Binin, ka wuce Ore, daga nan sai Ikko. Wanga layin ka riƙe shi da kyau don rabin labarin kanshi yake.

Sai ka san su wane ne mutanen wurin, don nan na mutanenmu ke yawan kuskure, kowa na kudu sai mu haɗa shi kwando guda. Jihar an yanke ta ne daga Yankin Yamma a 1963, tana yanki kafin ta zama jiha, cikinta akwai Bini da Esan da Urhobo da Isoko da Itsekiri da Ijaw, ga kuma masu jin Ibo na wajen Asaba. Manjo Nzeogwu da ya jagoranci kisan Sardauna, Allah shi jiƙanshi, ran 15 ga Janairu 1966, asalinshi Okpanam ne kusa da Asaba ko da yake Kaduna anka haife shi. Amma a juyin mulkin nan dai anka kashe ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, shi ma ɗan Midwes na, kuma Anthony Enahoro da ya riƙe ma Gowon harkar yaɗa labarai lokacin yaƙi ɗan can na. Ka ga ke nan jiha guda amma zukata a rabe.

Yanzu ka ɗauki biro ka jera ranakun bisa takarda guda, duk a 1967 suke. Ran 30 ga Mayu Ojukwu ya ayyana Biyafara, ran 6 ga Yuli anka fara faɗa ta wajen arewacin ta. Gwamnan soja na Midwes, David Ejoor, ya nace ba za a mai da jiharshi fagen fama ba, to amma ran 9 ga Agusta sojan Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo, wanda Bayerabe na, sunka ƙetaro gada sunka kama Binin a yini guda kusan ba turjiya, kuma abin da ya sauƙaƙa musu shi ne da yawa cikin manyan hafsoshin da ke Binin masu jin Ibo ne. Ejoor ya tsere. Banjo ya ɗan yi jinkiri a Binin sannan ya nufi yamma har Ore, nan anka tare shi. Ojukwu ya naɗa Albert Okonkwo shi riƙe jihar, ran 19 ga Satumba Okonkwo ya ayyana wai Jamhuriyar Binin, washegari Runduna ta 2 ta Murtala Muhammad ta shigo garin, ƙasar da ko kwana biyu ba ta yi ba. Ta bakin teku kuma sojan tarayya na Benjamin Adekunle sunka kama Warri da Sapele. Banjo kuwa nasu sunka harbe shi a Inugu cikin watan, bisa zargin cin amana, Samuel Ogbemudia ya zama gwamnan Midwes har 1975.

In ka gama jerawa sai ka tambayi kanka mi ya canza, don malami ba ranaku kaɗai yake nema ba. Kafin Agusta gwamnati ta ɗauka ɗan ƙaramin aiki na irin na 'yan sanda, sai da anka ga sojan Biyafara sun doshi Ikko sannan hankali ya tashi, anka shiga ɗibar soja da gaggawa, horo kaɗan a miƙa ma yaro bindiga. Yarbawa da ƙananan ƙabilun Midwes da ke ta ɗari-ɗari sunka karkato ɓangaren tarayya gaba ɗaya. A ganina shigar nan ita ce kuskure mafi tsada da Ojukwu ya yi.

To yanzu sashen da ya fi komai muhimmanci gare ni, wato zama da 'yan mazan jiya. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75, kullum raguwa suke, kada ka ce sai bayan jarrabawa. Tambayi liman ko mai unguwa, ko ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, za a nuna maka. Ka tafi da goro ko ɗan abin shayi, ka yi sallama ka durƙusa ka gaishe shi, Baba ina gajiya ina ƙarfin jiki, kada ka zaro waya tun ba ka zauna ba, sai ka nemi izni kafin ka naɗi muryarshi. Fara da mai sauƙi: Baba ina anka ɗauke ku, a mota kunka tafi ko jirgin ƙasa, wace runduna, wa ke kwamandanku, mi kuke ci. In ya ce Runduna ta 2 to ka dace, tambaye shi Binin da Asaba da yadda anka yi ta ƙoƙarin ƙetare kogi zuwa Onicha cikin jirage bayan 'yan Biyafara sun fasa gadar, inda soja masu yawa sunka halaka a ruwa. Kada ka kuskura ka ce Baba mutum nawa ka kashe. In ya yi shiru ka bar shi da shirunshi, ka koma wata rana.

Akwai abin da ba shi da daɗin rubutawa amma dole ka rubuta. Ran 7 ga Oktoba 1967 mutanen Asaba sunka fito da fararen kaya don nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, sojan tarayya sunka ware maza da samari a Ogbe-Osowa sunka buɗe musu wuta, ɗaruruwa sunka mutu. Mu da ke kukan Sardauna har gobe mun san zafin rashi, bai kamata mu tsallake wanga shafin ba, haka kuma ka rubuta wahalar da waɗanda ba Ibo ba sunka sha makonni shida da jihar ke hannun Biyafara.

Abin da Baba ya faɗa sai ka gwada shi da takarda, don tsufa na haɗa shekaru wuri guda. Leƙa ɗakin tarihi na Waziri Junaidu nan cikin gari, in kana da kuɗin mota ka je Gidan Arewa a Kaduna ka nemi tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian na Agusta zuwa Oktoba 1967, amma ka tuna jaridun ɓangaren gwamnati na kuma lokacin yaƙi anka buga su. Kowace murya da ka naɗa ka rubuta rana da unguwa da rundunar mai maganar, ka aje kwafi wuri biyu kada waya ta ɓace da ita, guda kuma ka tura ma 'ya'yanshi.