Yadda ake sa manhajar matse fayil ta layin umarni ta karɓi nau'o'in fayil daban-daban

Kusan duk ɗalibin da na gani ya zauna rubuta ƙaramar manhajar matse fayil da Python, da gzip yake farawa, kuma da zarar ta yi aiki sai ya ɗauka ƙara bzip2 da xz da zip aikin minti goma ne. Abin da yake yi shi ne duba wutsiyar sunan fayil: idan ya ƙare da .gz ya kira wannan, idan da .xz ne ya kira wancan. Manhajar takan tafi daidai a kwamfutarsa domin shi ne ya raɗa wa fayilolin suna, amma ranar da aka turo masa fayil daga waje sai ta fara tuntuɓe. Na ɗauka mai karatu ya riga ya iya karɓar umarni da argparse, wato sashen Python mai karanta zaɓuɓɓukan layin umarni, saboda haka ba zan tsaya a kansa ba.

Mataki na farko shi ne a raba nau'o'in gida biyu tun kafin a rubuta komai. Gzip da bzip2 da xz da zstd suna matse abu guda ne kawai, ba su san babban fayil mai ƙananan fayiloli a ciki ba. Zip da 7z kuwa ƙunshi ne, suna tattarawa kuma suna matsewa. Shi tar, wanda ake amfani da shi tun 1979, ɗaurewa kaɗai yake yi, ba ya rage girman komai. Ke nan fayil mai suna .tar.gz riga biyu ya sanya, kuma wajibi ne manhajarka ta iya cire su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne a bar dogaro da suna wajen kwancewa, a karanta bayit ɗin farko na fayil ɗin. Kowane nau'i yana da lambar shaida da yake buɗewa da ita. Gzip, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, yana farawa da 1F 8B. Bzip2 yana farawa da haruffan BZh, xz da FD 37 7A 58 5A 00, zstd da 28 B5 2F FD, 7z kuma da 37 7A BC AF 27 1C. Zip yana farawa da 50 4B 03 04, inda bayit biyun farko suke nufin PK, haruffan sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro shi a 1989, sai dai zip ɗin da babu komai a cikinsa da 50 4B 05 06 yake farawa, kuma ɗalibai da yawa sukan manta da wannan. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan wani fayil mai suna .tar.gz da manhajata ta dage cewa ya lalace, ashe burauza ce ta kwance gzip ɗin yayin saukewa ta bar sunan yadda yake, lafiyayyen tar ne a hannuna. Shaidar tar ba ta bakin fayil, kalmar ustar tana zaune ne daga bayit na 257, don haka sai an kwance rigar waje tukuna sannan a leƙa can. A kuma tuna cewa docx da apk da epub duk zip ne a ciki, bai kamata manhaja ta farke takardar mutum ba sai shi ya nemi hakan.

Mataki na uku shi ne inda na fi ganin ana faɗuwa, wato lokacin da bayanan suka shigo ta bututu (pipe, inda wata manhaja take zuba abin da ta fitar cikin wata), kamar a haɗa curl, manhajar sauke fayil daga intanet, da manhajarka kai tsaye. A nan babu suna da za a duba, kuma abin da ka karanta daga bututu ya wuce ke nan, ba a komawa baya. Ɗalibi yakan karanta bayit shida ya gane nau'in daidai, sannan ya miƙa ragowar ga mai kwancewa, shi kuma ya ƙi karɓa domin an riga an cinye masa lambar shaidarsa. Akwai masu amfani da peek, wanda yake leƙa bayit ba tare da ya cinye su ba, amma peek ba ya alkawarin dawo da adadin da ka nema, yana iya ba ka bayit biyu idan su kaɗai suka iso. Ƙa'idata ita ce a yi ta karantawa har a tara abin da ake bukata, a ajiye shi, sannan a rubuta ɗan ƙaramin aji (class) da zai fara miƙa abin da aka ajiye kafin ya ci gaba da bututun. Zip yana da tasa matsalar dabam, domin jerin abubuwan da ke cikinsa a ƙarshen fayil yake, saboda haka a juye shi cikin fayil na wucin gadi kafin a buɗe. Hatta GNU tar, da yake gane matsi da kansa a fayil da ke ajiye a kwamfuta, idan ta bututu aka ba shi sai ya nemi a ƙara masa -z ko -J, alhali bsdtar, wata manhajar tar ta dabam, yana ganewa ba tare da an gaya masa ba. Wanda tar kaɗai ya dame shi yana da gajeriyar hanya: ya buɗe tarfile, sashen Python mai karanta tar, da yanayin r|* ya huta.

Wajen matsewa ne suna yake da amfani, domin babu bayit da za a duba tukuna. A bi wutsiyar sunan da mutum ya rubuta, kamar yadda tar -a yake yi, amma zaɓin --format na manhajarka ya rinjaye ta. Kada a ɗauka matakan matsi ɗaya ne: gzip yana daga 1 zuwa 9, zstd daga 1 zuwa 19 har 22 idan an ƙara --ultra, xz -9 kuma yana cin fiye da megabayit 600 na ƙwaƙwalwa, abin da tsohuwar kwamfuta ba za ta ji daɗinsa ba. Ni zstd nake sawa a matsayin na asali, xz kuma ga abin da jama'a za su yi ta saukewa da kuɗin datarsu. Python ya shigo da zstd cikin ɗakin karatunsa (standard library) ne a sigar 3.14, mai tsohuwar siga sai ya girka shi dabam.

Saura kariya da gwaji. Wajen kwancewa, a ƙi duk sunan fayil na cikin ƙunshi da ke ɗauke da ../ ko wanda ya fara da /, a tarfile kuma a sa filter='data'. A rubuta sakamako a fayil na wucin gadi, kada a goge na asali sai an kammala. Daga nan a gwada kowane nau'i sau uku: da sunansa na gaskiya, da sunan ƙarya, sannan ta bututu.