Kurakuran da makarantun Yamai ke yi wajen zaɓen manhajar koyar da kwamfuta

Babban kuskure shi ne a yanke shawara a shagon mai sayarwa, inda kwamfuta sabuwa ce, intanet kuma na gudu. A aji, tsofaffin na'urori ne da suka sha ƙura, ga ɗaukewar wuta a watannin Afrilu da Mayu. Kafin darakta ya fitar da ko dala, a sa manhajar a kan kwamfutar da ta fi tsufa a makarantar, a katse intanet, a ga ko za ta tashi. In ba ta tashi ba, a bar ta, komai kyanta.

Sau da yawa ma ba a buƙatar biyan kuɗi. GCompris, wadda wani Bafaranshe, Bruno Coudoin, ya fara a shekarar 2000, kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana da Faransanci, da wasannin koyo sama da 100. Abin takaici ne a tara jikkunan iyaye ta hannun COGES, kwamitin kula da makaranta, a biya kuɗin shekara-shekara na wata manhaja alhali ga wannan.

Wani kuskuren kuma shi ne haɗa ƴan CI, ajin farko na firamare, da ƴan CM2, ajin ƙarshe, a kan abu ɗaya. Yaron da bai gama gane haruffa ba, a bar shi da linzamin kwamfuta da zane a Tux Paint, manhajar zane ta yara. Scratch, manhajar koyon shirya wa kwamfuta umarni da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, an yi ta ne don masu shekara 8 zuwa 16, saboda haka ta jira manyan azuzuwa.

A duba allon rubutun kwamfuta kuma, wato yadda aka jera haruffa a kansa. Kwamfutocin da ake sayowa daga Kano galibi jerin QWERTY gare su, na Faransa kuwa AZERTY. Idan manhaja tana nuna wani jeri, yatsun yaro na kan wani, ruɗewa kawai zai yi. Klavaro, manhajar koyon buga rubutu, tana barin malami ya zaɓi jerin da ke gabansa.

Wanda ya fi damuna shi ne mantawa da malami. Ana girka manhaja a miƙa masa makullin ɗakin kwamfuta, shi kuwa bai taɓa buɗe ta ba, kuma yana jin nauyin ya yi kuskure gaban ɗalibansa. Nan da nan ɗakin ya koma wurin ajiyar kaya. A ba shi na'ura ɗaya lokacin hutu ya saba da ita, ya tsara yadda yara uku ko huɗu za su riƙa karɓa-karɓa a kan kwamfuta guda, don kada mai ƙarfi ya riƙe linzami har a tashi.