Dabarar gane ma'anar "get" ba tare da buɗe ƙamus ba

'Yan uwa masu koyon Turanci, duk inda kuka ci karo da kalmar "get", kada ku yi saurin buɗe ƙamus. Ku fara duba kalmar da ta biyo bayanta.

Idan sunan wani abu ne, ma'anarta samu, karɓa ko saye: "I got a letter" na nufin na sami wasiƙa.

Idan siffa ce ta biyo baya, ana nufin abu ya sauya ya shiga wani hali. A nan ne muka fi tuntuɓe, domin mun saba fassara ta da "samu" a ko'ina, alhali "the tea got cold" cewa ake yi shayin ya huce, "he got angry" kuwa ya fusata. Ni kaina na daɗe ina wannan kuskure.

Idan "to" ce da sunan wuri, isa ake nufi, kamar "we got to Kano at night", wato mun isa Kano da dare.

Dabarar tana aiki ne saboda "get" ba ta tsaya kan ma'ana guda ba, abokiyar tafiyarta ce ke fayyace ta.

Sai dai ba ta cin "get up", tashi daga barci, ko "get over", warkewa daga ciwo ko damuwa. Irin waɗannan haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya. A wasiƙar neman aiki kuma, ku fi amfani da "receive", "become" ko "arrive".