Yadda Za Ka Tallafi Ɗan'uwan Da Shakka Ta Kama

A ikilisiyoyinmu na Kaduna, daga Sabon Tasha zuwa Narayi da Kakuri, shakka ta fi shiga zuciyar mai bi ta ƙofar makoki. Iyalin da suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa, ko uwar da ta yi makonni tana azumi bayan an sace ɗaliban makarantar sakandaren Bethel Baptist a Yulin 2021, idan suka tambaya ina Allah yake, ba gardama suke nema ba.

Idan ɗan'uwa ya furta maka irin wannan, ka saurare shi har ya gama, kada ka tare shi da "daina saɓo". Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma sai da suka fara laluben laifinsa ne suka ɓata ta'aziyyarsu.

Sa'an nan ku buɗe Matiyu 11 tare. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya yi wa Yesu baftisma da hannunsa, ya aika daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne Almasihu mai zuwan ko kuwa a jira wani. Yesu bai tsauta masa ba. Ya ce a je a faɗa masa cewa makafi suna gani, guragu suna tafiya, matalauta kuma suna jin bishara. Idan ɗan'uwan ya ce addu'a ta gagare shi, ku karanta Zabura 88 a hankali, wadda ta ƙare cikin duhu amma daga farko har ƙarshe da Allah take magana. A ganina ta fi dogon wa'azi amfani a irin wannan lokaci.

Tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, ku je wurin Baba Fasto ko wani dattijon ikilisiya. Amma idan barci ya ƙaurace masa, ya daina cin abinci, ko yana ambaton mutuwa, ka raka shi ganin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Kada ka kai sirrinsa taron zumunta da sunan roƙon addu'a sai da yardarsa. Ranar Lahadi ka biya ta gidansa ku tafi sujada tare, idan kuwa ya ƙi, kada ka matsa masa, ka sake leƙa shi a tsakiyar mako.